Fuskar Malam Sodangi a Bangon Ɗaki

Akwai wani saurayi a Kaura Namoda mai suna Nafi'u. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Shi yake ɗaukar wajen maza, yayarsa Zulaihat ta shiga cikin gida ta ɗauko wajen mata. Da wannan suke ci, amma Nafi'u hankalinsa ba nan yake ba. Shi dai a duniya ya yi fim, kuma ba irin na birni ba. So yake a ga gonar gero, a ga shanu a kasuwar Moriki, a ji Hausar da ya tashi yana ji a bakin iyayensa.

Kuma ya yi ɗin. Ya sha wuya ba kaɗan ba, amma ya gama.

Babu fuskar da aka sani a ciki. Wanda ya fito a uba wani tsohon manomi ne na Badarawa, Malam Sodangi, mutumin da tunda yake bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba. A gonarsa aka yi rabin aikin. Tsoho ne mai raha, ga taurin kai. A ba shi maganar da zai faɗa, sai ya gyaɗa kai kamar ya riƙe, ana kunna na'ura ya faɗi tasa.

Sai dai fim ɗin ya fito a shekarun farko na Shari'a a Zamfara, lokacin an rufe sinima da gidajen kallo. Nafi'u bai yi jayayya da wannan ba. Amma gaskiyar magana, ga fim a hannu, babu inda za a haska shi.

Ya ɗauka ya kai wa 'yan kasuwar fim a Kano. Wannan ya ce ina waƙa, wancan ya ce wa aka sani a ciki. Wani ma dariya ya yi, ya ce wannan Hausar sai da tafinta.

Mutum ɗaya ne ya saurare shi, Alhaji Shu'aibu. Ya ce yana da tafiya Gusau ranar wata Asabar, Nafi'u ya same shi can ya nuna masa. In fim ɗin ya riƙe shi, zai saya ya rarraba.

Nafi'u ya san kayansa. A ƙaramar talabijin gonakin nan ba sa fitowa, mutane su koma kamar tururuwa. Sai an baza shi a bango kyansa yake bayyana. Yana kuwa da majigi ɗan ƙarami irin na zamani da ake haɗawa da faifai, wanda ya saya na hannu. Matsalar ƙwan fitilarsa ce. Hasken ya fara ja, ya dushe. Mai gyara ya duba ya ce ƙwan ya zo gargara, in an ci sa'a ya haska fim ɗaya, kuma irinsa sai dai a Legas.

Sai Nafi'u ya naɗe majigin a bargo ya ajiye. Ko Zulaihat ya hana ta taɓawa. Ita kuma ta samu abin tsokana, kullum da safe sai ta tambaye shi yadda jaririn ya kwana.

Ana cikin jiran nan Allah ya yi wa Malam Sodangi rasuwa. Nafi'u ya je jana'iza, ya yi kuka kamar ubansa ne.

Saura kwana biyu Asabar ɗin, sai ga Kamalu, babban ɗan marigayin, direban babbar mota mai kai shanu kudu daga Moriki. Bayan sun gaisa ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"Inna ta aiko ni," in ji shi. "Fim ɗin da kab ba mu, mun sa mata ga talabijin. Ba ta ganin komi sai inuwa. Idanun sun yi yana, kullum ƙaruwa takai. Tun ba a yi nisa ba tac ce a kashe, ba ta son jin muryatai babu huska."

Kamalu ya ci gaba da cewa:

"Ka san ba mu da hotonai ko guda. Jiya tac ce min huskatai ta hwara ɓace mata. Shi na nic ce bari in tambaya, ko wanga abin naka mai girman hoto zai yi."

Nafi'u ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya gaya wa Kamalu halin da ƙwan yake ciki, ya gaya masa zancen Asabar. Kamalu mutum ne mai kawaici. Nan take ya miƙe, ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a, ya tafi.

Ranar Nafi'u ko abinci bai iya ci ba. Ya yi ta lallashin kansa cewa in ciniki ya faɗa zai sayo sabon ƙwai ya kai mata. Amma yaushe? Idon da kullum yake rufewa ba zai jira shi ba. Zulaihat tana kallonsa yana safa da marwa a tsakar gida, can ta ce, "Kai dai ka san abin da za ka yi, wahal da ƙahwahunka kawai kakai."

Washegari da hantsi suka ɗora majigi da janareta a mota, sai Badarawa.

Inna Saudatu, matar marigayin, tana cikin takaba, ba ta fita. Saboda haka Zulaihat ce ta shiga ɗakin da majigin. Nafi'u ya miƙa wayar wuta ta taga, ya zauna a bayan ɗaki kusa da janareta. Duk abin da ya faru a ciki da kunne ya same shi, sauran kuma Zulaihat ta ƙarasa masa daga baya.

Ɗakin ƙasa ne, ko da rana tsaka in an saki labule duhu ne sosai. Wannan ya taimaki ƙwan da ya gaji. Amma babu bangon da za a haska, don ko'ina jeren tasoshi ne da kwanoni tun na aurenta. Aka rataya farin zane, sai ya riƙa kaɗawa, fuskar tana wargajewa.

"Ban gane shi ba," in ji Inna. Muryarta ta yi rauni.

Ƙwan yana ci, ga shi ba a samu biyan bukata ba. Nafi'u ya ɗaga murya ya ce a kashe tukuna.

Sai ya ji tsohuwar ta ce, "Ku sauke jeren."

Matan gidan suka yi cirko-cirko. Jeren nan ko sharar gizo-gizo ita take yi da hannunta. Ta sake cewa, "Ku sauke. Wa za ni yi ma ado yanzu?"

Nafi'u yana zaune yana jin ƙarar kwanoni ana sauke su ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama, sai ga bango fari fes. Farar ƙasar da ta shafa tun da daɗewa tana nan, jeren ya tsare ta daga hayaƙi.

Aka sake kunnawa. Malam Sodangi ya fito a bangon ɗakinsa, tsayinsa guda, da hularsa a karkace da fartanya a kafaɗa. Zulaihat ta matso da Inna kusa.

Can Nafi'u ya ji Inna ta ce a hankali, "Shi na. Wallahi shi na. Ku dubi hulag ga, har ya koma ga Allah bai iya sa ta daidai ba."

Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Akwai wani wuri a fim ɗin da Nafi'u ya sha niyyar yankewa. An zauna hutu a gindin itace, aka miƙa wa tsohon fura. Maimakon ya faɗi abin da aka ba shi, sai ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Wai wagga kuka kira hura? Ku bari ku sha ta uwargidana. Tun ina ango nika shan ta, ban dai taɓa gaya mata ba, kada kanta shi kumbura."

Da aka zo nan, Inna ta ce a tsaya.

"Mi yac ce?"

Zulaihat ta mayar baya. Tsohon ya sake faɗa. Inna ta rufe bakinta da gefen mayafi. Duk zaman da suka yi, mutumin nan bai taɓa yaba furarta a gabanta ba. Sai dai ya shanye ya ture ƙwaryar.

"Ƙara maido min shi, ɗiyata."

Nafi'u yana ji. Ya san abin da kowace maimaitawa take ci, amma bai hana ba. Ana cikin ta uku sai ya ji tas! Bangon ya yi duhu.

Zulaihat ta fara ba da haƙuri, Inna ta katse ta. "Ya isa. Na gani, kuma na ji. Ku ce ma yaron ga Allah shi yi mai albarka."

Da za su tafi Kamalu ya roƙi mataccen ƙwan. Nafi'u ya ciro ya ba shi, bai ma tambayi dalili ba.

Ranar Asabar ya je Gusau da faifai kawai. Alhaji Shu'aibu ya kalla a ƙaramar talabijin ta masauki, yana kallo yana amsa gaisuwar baƙi. Da aka zo wurin fura ya ce, "Ka ga, har kuskure ka bari a ciki." Ya miƙa masa faifansa, ya yi masa fatan alheri.

Ba zan ɓoye muku ba, a motar komawa Kaura Nafi'u ya yi hawaye, har zuciya ta raya masa ko ya yi wauta. Ya koma ɗaukar biki, majigi yana cikin bargo ba amfani.

Damina ta wuce, an fara yankan gero, sai ga Kamalu ya yi sallama. Ya cire hula ya zaro wani ɗan kwali daga ciki, sai ga sabon ƙwan majigi. Ashe duk saukar da ya yi a Legas sai ya bi shaguna da mataccen ƙwan yana nunawa, har Allah ya sa ya dace.

Ba shi kaɗai ya kawo ba, har da saƙo. Duk matar da ta je yi wa Inna gaisuwa, daga Shinkafi, daga Zurmi, daga Ɗan Isa, sai ta ga bango babu jere ta tambaya, Inna kuma ta ba ta labari. Yanzu gidaje da yawa suna so a zo a haska musu. Mata ne zalla, a cikin ɗakunansu, da rana, don haka masu gidan ba su ga abin hanawa ba.

Nafi'u ya ce ya ji, amma sai an fara ƙarasa wa Inna nata.

Suka koma Badarawa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, amma ba daidai inda yake ba. A nan ya gane.

"Idanun sun tahi, ɗana," in ji ta, tana murmushi. "Ba a yi wata guda da zuwanku ba sunka ruhe. Amma kada ka damu. Wanda kan nuna min shina nan, ko na ruhe ido ko na buɗe, da hulatai a karkace. Ku kunna ma mata su gani, ni in saurara."

Nafi'u ya koma bayan ɗaki ya tayar da janareta, don kada a ji kukansa.

Daga wannan ɗakin fim ɗin ya kama hanya. Zulaihat ta riƙa yawo da majigi gida-gida, dillalai mata suna saka faifan a cikin ƙullin atamfa da turare suna shiga da shi lungu-lungu. Fim ɗin da aka ce sai da tafinta ya zaga ƙasar Shinkafi da Zurmi, kuma duk inda aka je, wurin furar nan ake cewa a maimaita.

Inna Saudatu kuwa har ta bar duniya ba ta yarda an mayar da jeren ba. In an yi mata magana sai ta ce a bar wurin haka nan, nan Malam ya tsaya.

Darasi: Alherin da ya zo maka yau, yi shi yau. Ciniki in ya wuce wani yana iya zuwa, amma akwai bukatar da in ka ce sai ka samu sarari, kafin ka waiwayo lokacinta ya ƙare. Abin da ka rasa don ka faranta ran wani bai ɓata ba, Allah yana mayar da shi ta hanyar da ba ka zata ba. Kuma in akwai kalma mai daɗi da kake riƙe wa wani naka, ka faɗa masa tun yana ji. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake jinkirta wani alheri yau.