Injiniyan da Ya Ɗaure Ɗakin Hoto a Layi Ɗaya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikaci a wani asibiti. Ba likita ba ne, bai taɓa riƙe allura ba. Shi ne mai kula da intanet, kowa Injiniya yake ce masa.

Asibitin yana da layukan intanet uku. Biyu masu ƙarfi ne, na ukun tsoho ne mai tafiyar hawainiya, an bar shi ne saboda ko-ta-kwana. Dukkansu sun haɗu a wata na'ura da ake kira fayawol, wadda take tsaye kamar mai gadi a bakin ƙofa. Duk saƙon da zai fita, ita take duba wane layi ne bai cika ba, ta ɗora masa. Idan layi ɗaya ya mutu, ta mayar da kayansa kan sauran. Amanar da aka ba Injiniya ke nan: ya tsara rabon, kada wani ya cutu.

Na'urar tana wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, babu taga, sai sanyin iyakwandishan da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa. A nan yake wuni. A nan yake cin abincinsa, ƙofa a kulle. Kalmar sirrin na'urar kuwa, ko shugaban asibitin bai san ta ba.

A wani taron ma'aikata, wata dattijuwa mai aiki a ɗakin hoto, wadda kowa ke kira Anti, ta ɗaga hannu. Aikinta shi ne ɗaukar hoton cikin jiki, ta tura wa ƙwararren likita da ke wani gari ya duba. Ta ce, "Ɗana, ka koya wa wani aikin nan mana. Idan ka kwanta ciwo fa? Ko kai ma na'ura ce?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ce, "To Anti, an ji."

Da ya koma ɗakinsa sai ya rubuta wa na'urar wata doka: duk abin da zai fita daga ɗakin hoto, ya bi tsohon layi kaɗai. Ko layin ya cika, ko ya mutu, kada a sauya masa hanya.

Tun daga ranar, hoton da yake tafiya kafin a sha ruwa ya koma sai an yi zaman jira. Marasa lafiya suna jere a benci, suna hararar Anti. Idan ta zo ta ƙwanƙwasa masa, wani lokaci ya yi shiru kamar ba ya nan, wani lokaci ya leƙo ya ce, "Anti, laifin kamfanin intanet ne. Ko dai yatsun ne suka tsufa?"

Kuna tsammani ba a gane ba? An gane sarai! Amma me abokan aikinsa suka yi? Suka ƙara masa gaisuwa. "Ranka ya daɗe, Injiniya, a riƙa tunawa da mu." Kowa yana tsoron kada a jefa shi layin Anti. Suna gaishe shi, amma ba mai zama kusa da shi. Har ƙanwarsa ta gaji da kiran wayar da ba a ɗauka, ta daina. Shi kuwa yana ganin girma ne.

Rannan da hantsi, masu gyaran titi suka tsinke tsohon layin da motar haƙa. Ba wanda ya ji a jikinsa, domin na'urar ta mayar da kowa kan layuka biyun. Ɗakin hoto kaɗai ya mutu. Anti ta zo ta buga ƙofa, ta sake bugawa. Shiru. Ta ce, "Halin nasa ne," ta juya.

Ya 'yan uwa, yana ciki. Yana kwance a kan tayil mai sanyi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Yana jin bugun ƙofar, yana jin takun takalminta yana nisa.

Sai bayan azahar aka ɓalle ƙofar. Likitan da ke bakin aiki ya ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a tura wa ƙwararre maza, a san ko jijiya ce ta fashe ko toshewa ta yi, domin maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Anti ce ta ɗauki hoton da hannunta. Ta danna, bai tafi ba. Layuka biyu lafiyayyu suna zaune, amma doka ta ce ba nata ba ne. Ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayarta ta tura, ƙwararren ya ce wannan dishi-dishin ba zai yanke hukunci da shi ba.

Ta sunkuya a kan Injiniya tana kuka. "Ɗana, faɗa mana kalmar sirrin. Don Allah, ko da yatsa ka nuna."

Ya san kalmar. Ya san dokar, ya san inda ya ɓoye ta. Harshen ne ya ƙi.

Kafin a kai shi wancan garin a mota, lokacin maganin ya wuce. Bai mutu ba. Asibitin ya ɗauko wani injiniyan, ya samu ya buɗe na'urar, ya ga dokar, labari ya bazu. Yau yana kwance a ɗakin baya na gidan ƙanwarsa, fuskarsa na kallon bango. Masu "ranka ya daɗe" ba wanda ya tako. Anti kaɗai take zuwa, idan ta shigo sai ya rufe ido.

To, kada kowa ya ce wannan labarin masu kwamfuta ne. Kai da aka ba rabon ruwa, ko layin ganin likita, ko jadawalin aiki, wa ka tura layin wahala don ya faɗa maka gaskiya? Wane ilimi ka danne don kada a iya yi ba da kai ba? Zaluncin da ake yi da yatsa ɗaya, a ɗaki mai sanyi, zalunci ne. Allah yana ganin dokar da ba wanda ya karanta.

Ku kuma masu gani ku ce "Allah ya kyauta" ku wuce, ku ne kuka fi ba ni haushi. Da mutum biyu sun tsaya bayan dattijuwar nan, da sun ceci marasa lafiya, da sun ceci shi kansa. Shirunku ba haƙuri ba ne, tsoro ne.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar da ke hannunmu. Allah ya kiyaye mu da ranar da za a buga mana ƙofa, a ji shiru, a ce halinmu ne. Amin.