Indomin Motar Alhaji Saminu

Akwai wani makanike a Ƙofar Wambai mai suna Mikail. Mutum ne marar surutu, ya yi furfura a ƙarƙashin motocin mutane, ba a taɓa jin ko noti ya ɓata a hannunsa ba. Cikin masu kawo masa gyara har da Alhaji Saminu na Kabara, irin mutanen nan da bakinsu ke riga hankalinsu.

Wata rana Alhaji ya kai motarsa Mikail ya canza mata birki. Bayan 'yan makonni sai ta fara nauyi. Alhaji ya taka totur har ƙasa, amma tafiya take kamar an ɗaure mata dutse, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai yana fitowa daga salansa.

Da ya ba da labari a majalisarsu bayan la'asar, nan take wani ya yanke hukunci, ya ce an cire masa indomi. Ga wanda bai sani ba, indomi shi ne abin nan mai ƙananan ramuka da ke cikin bututun salansa, mai tace hayaƙi. Yana da tsada, shi ya sa ɓatagarin makanikai ke fasa bututun su kwashe shi, su liƙe wurin da walda.

Abin da ya fi ba ni haushi, Alhaji bai kira Mikail ba, bai ko durƙusa ya leƙa ƙasan motar ba. Daga zaune ya ɗauki waya ya yi saƙon murya, ya tura zauren WhatsApp na unguwa. Ya faɗi sunan Mikail da kwatancen garejinsa, ya ce ɓarawon indomi ne, kowa ya yi hattara. Kafin magariba ana sauraron saƙon a Dukawuya.

A garejin su Mikail kuwa akwai doka. Duk wanda aka kama da satar indomi, akwatin kayan aikinsa ake fitarwa bakin titi, ba shi ba wurin har abada. Don haka da safe Baba Audu, shugaban garejin, ya aika wa Alhaji ya zo da motar. Ya zo yana ta kumfar baki, yana cewa shi ba a raina masa hankali.

Mikail, idonsa jajir, abu ɗaya ya faɗa: "Alhaji, a ɗaga ta a yanka bututun a gaban kowa. In babu indomi, da hannuna zan fitar da akwatina."

Baba Audu bai bari Mikail ya taɓa ba, wani makaniken ya sa. Aka ɗaga mota, aka duba, babu alamar sabuwar walda ko ɗaya. Aka yanka. Ga indomi yana nan inda yake, sai dai ya narke ya toshe, baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya. Hayaƙi ne ya rasa hanyar fita, shi ya sa motar ta kasa ja.

Da aka matsa wa Alhaji da tambaya, sai ga shi yana amsa cewa injin ya daɗe yana rawa, kuma Mikail ya sha gaya masa ya canza fulogi. Wutar gargaɗin nan ta gaban direba ma tun bara take kunne, shi kuma ya manna mata sitika don tana damun idonsa. Ɗanyen man da bai ƙone a inji ba shi ya riƙa gangarawa yana cin indomin.

Kun san me bawan Allahn nan ya ce? "To shi ke nan, a sa sabo." Ko kunya babu.

Baba Audu ya ce wallahi babu mai ɗora sifana a motar sai Alhaji ya sake saƙo na ban haƙuri a zauren da ya tura na farko. Ya yi, a gurguje, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Mikail da kansa ya ɗaura sabon indomi, ya canza fulogi, ya miƙa masa mukulli. Tun daga ranar duk makaniken yankin da ya hango motar Alhaji sai ya ce aiki ya yi masa yawa, yanzu Alhaji bayan gari yake kai gyara wurin waɗanda ba su san shi ba.

Amma mu ma ba mu fita daga laifi ba. Saƙon farko kowa ya tura, har zaurukan da ba su san hanyar Ƙofar Wambai ba. Na biyun kuwa a nan ya kwanta, don ba mai ɗokin tura ban haƙuri.

Watanni bayan haka wata Hajiya ta shigo garejin da motarta. Mikail ya taso yana goge hannu, ya gaishe ta. Ta tambayi sunansa, ya faɗa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne Mikail ɗin indomi?"

Kafin ya buɗe baki ta ɗaga gilashi, ta yi baya da motarta ta fice.

Darasi: Kada ka ɗora wa mutum sata a kan zato, kuma kada ka tura zargin da ba ka tabbatar ba. Mota tana gyaruwa a yini guda, amma sunan da ka ɓata zai iya bin mai shi har kabari, kuma Allah zai tambaye ka. Ku tura wannan zuwa zaurukanku da irin saurin da kuke tura zargi.