Ranar da Muryar Bala Ta Ɗauke

Yabo ya tabbata ga Ubangiji Allah da ya nufe ni da zama a gaban malaminmu, bawan Allah, alimi mai taƙawa da zuhudu da hilimi, Allah ya haskaka makwancinsa. Mutumin ƙasar Zazzau ne, mabiyin Almasihu, ya san Attaura da Zabura da Linjila kamar yunwar cikinsa, yana karatu da boko da ajami, amma bai yarda a kira shi komai ba sai tela. A rumfarsa ta ɗinki a Unguwar Shanu na koyi sana'a da karatu.

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mahauta da 'yan koli sukan zauna wurinsa ana taɗi, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, in hira ta kai ga ciwo ko tsoro ko rigimar 'yan'uwa sai ya ce, "Akwai abin da na karanta a kan wannan, in faɗa maka?" In an ce i, ya faɗa a taƙaice, in an ce a'a, ya ci gaba da taka kekensa, zumunci bai ragu ba.

A daminar 1955 wani saurayi mai suna Bala ya dawo daga makarantar Littafi Mai Tsarki, kansa cike da ayoyi, zuciyarsa babu tausayi ko na ƙwayar gero. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci. A gabanmu ya tsaya kan Malam ya ce, "Baba, shekara da shekaru kuna hirar banza da mutane, ina wa'azin? Wannan ai tsoro ne!" Malam ya ce masa, "Zauna ka sha ruwa, ɗana." Ya ƙi.

A makon nan Lawal mahauci, aminin Malam, Musulmi mai riƙo da salla, ya rasa 'yarsa Bilkisu, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ana zaman makoki a ƙofar gidansa sai ga Bala, ko sallama babu, balle gaisuwar ta'aziyya, ya buɗe littafi yana ihu a kan wuta da hukunci, uwar yarinya tana jiyo shi daga cikin gida. Wane irin rashin kunya ne wannan! Lawal ya miƙe, mahauta suka miƙe tare da shi, Bala ya ruga rumfar Malam suna biye.

"Malam, ku ba ni shi!" in ji Lawal. "Ƙasar kabarin 'yata ba ta bushe ba. Wallahi ko shi, ko duk ku tashi daga unguwar nan!"

Mu Kiristocin unguwar ba mu fi 'yan gidaje ba, da mata da yara. Bala kuwa daga bayan Malam bai fasa ba, yana cewa gaskiya ya faɗa, zai kuma maimaita. Malam ya sauke ƙafa daga keke, ya ɗaga ido sama kaɗan, sannan ya ce, "Ya Ubangiji, ka hutar da harshen nan har ya koyi gaisuwa."

Ni shaida ne, kuma waɗanda suka gani suna da yawa: Bala ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Ya kama maƙogwaro, ya yi ta yunƙuri har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Mahauta suka ja da baya suna salati. Malam ya ce wa Lawal, "An cuce ka, ɗan'uwa. Mu je in zauna tare da kai."

An kai Bala asibiti, ba a ga komai ba. Ya dawo rumfa a fusace, yana buga ƙafa, yana nuna bakinsa, Malam ya nuna masa tabarma kawai. Nan ya zauna har kaka ta yi, dole yana sauraron yadda ake hira da mutane, abin da bai taɓa yi ba.

Wata safiya ya tashi da kansa ya nufi mahauta, na bi shi don tsoron abin da zai faru. Ya durƙusa gaban Lawal, hawaye na zuba, sai muka ji murya a shaƙe ta ce, "Ya haƙuri?"

Lawal ya daɗe yana kallonsa da wuƙa a hannu, sannan ya ajiye ta. "Haƙuri sai ma'aiki. To, me ka so faɗa mini ran nan?"

Bala ya ce, "Abin da ya kamata in faɗa shi ne, Yesu ma ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa."

Lawal ya ce, "Annabi Isa, alaihis salam? Zauna in ji." Ya saurara har ƙarshe. A kan addininsa Lawal ya rayu, amma ranar da Malam ya rasu shi ya fara kama makararsa.

Wannan kaɗan ne daga karamomin bawan Allah mai tsarkin zuciya. Ubangiji ya ƙara masa rahama, ya ba mu rabo daga albarkar da ya ba shi, ya tsare bakunanmu daga ƙona zukatan masu makoki. Amin.