Dutsen Tasalla na Bakin Teku

Dalilin da ya sa dutsen nan yake tsaye shi kaɗai a bakin teku, da hannuwa biyu a sama kamar mai miƙa kaya, yara, ku matso ku ji shi.

A da can babu dutse a wurin, yashi ne kawai. Wata shekara da rani, ayarin fatake ya gangaro daga arewa neman goro har ya yi zango a gaɓar teku. A cikinsu akwai wata mata, Tasalla, tana goye da 'yarta Marka, wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Tasalla ba ta taɓa ganin teku ba. Kogin garinsu ta sani: in ya janye da rani, mata su tona yashinsa su ɗebi ruwa mai daɗi, shi kuwa ba zai dawo ba sai damina.

Da hantsi ta ga ruwa ya ja baya can nesa. Ta ɗauki ƙwarya ta nufi yashin. Wani tsohon masunci da ke ɗinkin taru ya ɗaga kai.

"'Yar nan, ina za ki?"

"Ruwa zan tono, Baba. Salkunanmu sun bushe."

"Kada ki yi nisa. Wannan ruwan yanzu zai juyo."

Ta yi dariya. "Haba Baba, ko gajimare babu a sama. Wa zai kawo shi?"

Ta tona nan, ta ɗanɗana, gishiri. Ta ƙara gaba, gishiri. A garinsu tsakiyar kogi ake samun mai daɗin, don haka ta yi ta nausawa ciki. Tana durƙushe sai ta ji sanyi a diddige. Ta waiga, ashe ruwa ya zagayo ta baya ya tare hanya. Ta ƙwala ihu. Tsohon ya tura kwalekwalensa, amma da nisa tsakaninsu.

Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ta kwance goyo, ta ɗaga Marka sama da hannu biyu. A wancan zamanin teku yana jin magana.

"Kai ruwa," in ji ta, "ni na shigo maka gida ba sallama. Wannan kuwa ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ka bar ta."

Teku ya ce, "Abin da ya faɗi nake ɗauka. In kin iya tsayuwa, na bar miki na hannunki. Sai dai wanda ya tsaya mini ba ya sake tafiya."

"Na tsaya."

Igiyar ruwa ta buge ta, ta sake bugun ta. Ta ji ƙafafunta sun yi nauyi sun kafe, nauyin yana hawa har ƙirji. Ba ta sauke hannu ba.

Da tsohon ya iso, ya karɓi jaririyar tana tsala kuka, ko zanenta bai jiƙe ba. Ya kama hannun uwar ya ce, "Taho, 'yar nan." Sai ya ji dutse.

Shi ya sa har yau, duk cikar da teku zai yi, ba ya rufe hannuwan dutsen nan. Iyaye kuma kan ce wa yara masu wasa a yashi, "In ruwa ya taɓa gwiwar Tasalla, ku fito." Fitowa kuwa suke yi da gudu, babu mai tsayawa gardama.