Jinkar da ta Riga Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata bushiya ce a wani gari, tana da 'ya'ya uku, tana da gona, amma ba ta da rumbu. Duk kaka in ta ɗaure dammunan geronta, sai ta kai ajiya rumbun maƙwabcinta Kurege. In bazara ta yi ta je karɓa, sai ya fito mata da rabi, ya ce, "Gara ce, Inna Bushiya. Ta yi mana ɓarna bana." Haka 'ya'yanta za su ƙarasa damina da kwaɗon ganye.

Ba wai ba ta taɓa fara gini ba. Rumbun ƙasa ba a yin sa rana ɗaya: ka ɗora zagaye guda, ka bar shi ya bushe, gobe ka ƙara. Shekara uku tana farawa. In ya kai mata ƙugu sai ta duba ta ga kamar kasko, jikinta ya mutu, ta bari. Ruwan farko ya zo ya narkar.

Ran nan da rani sai ta juya aikin. Kowa ya san jinka ake yi ƙarshe, ita ce hular rumbu. Ita kuwa da ita ta fara. Ta yanko ciyawa, ta murza igiyar rama, ta yi jinkarta tsaf. Sai ta kafa doguwar sanda a inda za ta yi gini, ta rataye jinkar a bisa, daidai tsawon da take so rumbun ya kai. Kullum da safe ta ɗaga kai ta dube ta, ta rufe ido ta ga rumbu cike da gero a ƙarƙashinta, 'ya'yanta na shan kunu. Sai ta kwaɓa ƙasa ta ɗora zagaye ɗaya.

Kurege ya ga ajiya za ta kuɓuce masa. Ya zo ya tsaya yana dariya. "Inna Bushiya, hula ba kai? Gari duk maganarki ake."

Ta ce, "Kan na zuwa, Malam Kurege." Ta ɗora zagayenta.

Da ginin ya kai rabi ya dawo. "Ai ya isa haka. Ke da ba ki da tsawo, me za ki yi da dogon rumbu? Sauko da jinkar ki huta."

Ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Ba ita za ta sauko ba, ni zan je mata." Ta ɗora zagayenta.

Saura zagaye biyu, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ta tafi rafi ɗebo ruwa. Kafin ta dawo Kurege ya sauke jinkar, ya jefar da tsohuwar tasa, ya kifa wannan a kan rumbunsa.

Bushiya ta zo ta ga sanda tsirara. Ta ajiye tulu ta zauna. In ruwa ya sauka kan ginin nan ba jinka, aikin wata biyu ya koma laka, gero ya koma hannun Kurege. Ta rufe ido don kada ta yi kuka gaban 'ya'yanta, sai ga jinkar nan a idonta, ko kara ɗaya bai ɓata ba. Ta tashi ta kwaɓa ƙasa. Da ta hau tsani za ta ɗora, sai ta hango jinkarta can bayan danga, kife a kan rumbun Kurege.

Ta tafi wurin Kunkuru mai unguwa. Aka kira Kurege, ya rantse tasa ce, shi ya yi ta da hannunsa.

Kunkuru ya ce, "To, mai abu ya san cikin abinsa. Kurege, igiya nawa ce a ciki?"

Kurege ya sosa kunne. "Ranka ya daɗe, wa ke ƙirga igiya? Kamar biyar. Ko tara."

Bushiya ta rufe ido ta ce, "Baba, bakwai ce. Ta huɗu ta tsinke mini, na haɗa ta da jan tsumman zanena. Ƙullina kuwa sau biyu nake yi, bakin igiya na kallon hagu."

Aka ɗage jinka aka duba, haka yake. Da aka ɗage kuwa sai cikin rumbun Kurege ya bayyana. Kunkuru ya miƙa wuya ya daɗe yana leƙe, ya ce, "Kurege, waɗannan dammunan ma ƙullinsu sau biyu ne, baki hagu. Ashe garar garin nan jela gare ta."

Aka kwashe mata geronta da ya ce gara ta cinye. Ta ƙarasa gininta, maƙwabta suka kama mata aka kifa jinka. Bayan kwana biyu ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya sami rumbun Kurege a buɗe.

To, kun ji. In kuna son abu, ku rataye shi inda za ku gan shi kullum, ku dube shi har ku san shi ido rufe, sannan ku sa hannu a laka. Kallo kaɗai ba ya gini, kada wani ya ce Kaka ta ce a zauna.

Ƙurunƙus kan jelar kurege.