Hoton Cikin Iya Tabawa

Ku matso kusa, muryata ba ta kai ta da ba. A wani gari na bakin kogi aka ba ni wannan labari. Sunan garin ya ɓace mini, amma mutanen ina riƙe da su.

Iya Tabawa dattijuwa ce mai 'ya'ya uku. Aka cire mata matsarmama a asibitin birni, ta dawo gida. Bayan kwana bakwai, ko tara ne, ciwo ya taso mata ƙarƙashin haƙarƙari. Ta ɓoye, don a wajenta raki abin kunya ne.

Autarta Dela ce ke sa mata kwalli kowace safiya. Ran nan ta ja fatar idon, sai ta ga farin ya koma rawaya. Maƙwabta suka ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Dela ta ce, "Saiwa ta jira. Iya, tashi ki ɗaura zane, asibiti za mu koma."

Damina ce, ruwa ya cinye gada, masu fito duk sun ɗaure jiragensu. Ɗan Iya na tsakiya, Barau, masunci ne. Ya kwantar da ita a kwalekwalensa ya ƙetare da ita, tafin hannunsa duk ya sale.

Babbansu Sambo shi ke ɗaukar hoton ciki a asibitin, ranar kuma shi kaɗai ke bakin aiki. Ɗan fari ne, Iya ko sunansa ba ta kira. Ta ja mayafi ta ce, "Wannan ba zai ga cikina ba." Ya durƙusa ya ce, "Iya, ai wata tara na yi a ciki, na riga kowa saninsa." Ta harare shi, sannan ta saki mayafin.

Dubawar farko ba ta nuna komai ba. Sambo bai yarda ba. Ya juya Iya gefen hagu, ya sake bi da na'urar hoto a hankali, sai ga 'yar tsakuwa ta toshe hanyar ruwan matsarmamar. Likitoci suka fitar da ita. Kafin kaka Iya ta koma daka da kanta, tana faɗan an ɓata mata turmi.

Ranar da aka yi sadakar godiya ta zare zoben azurfa da ta gada wajen uwarta, guda ɗaya tak, ta ce na wanda ya ceci ranta ne. Wanda aka bai wa, wallahi na manta.

To, ku da hankalinku ke tare da ku: Dela da ta gani, Barau da ya kai, ko Sambo da ya gano, wane ne ya fi cancantar zoben?