Gwanin da Ya Kasa Karanta Aikinsa

Akwai wani mutum mai masana'antar casar shinkafa a bakin kogi. Da ya sayo sababbin injuna, sai ya kira wani gwani ya rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta riƙa bi, ta san lokacin da za ta zuba ruwa da lokacin da za ta kunna injin busarwa.

Makanikin masana'antar dattijo ne mai son sanin abu. Ya jawo kujera kusa da gwanin, ya ce, "Malam, wannan da ka sa wa suna K7, mene ne shi?"

Gwanin ya ce, "Famfon ruwa ne, Baba."

"To, me zai hana ka rubuta famfon ruwa?"

Gwanin ya yi dariya ya ce, "Ai ni na san shi. In wani abu ya taso, a kira ni." Ya cakuɗa umarnin wuri guda, ba suna mai ma'ana, ba bayani, ya yi tafiyarsa.

Bayan shekaru, ana tsakiyar kaka, injin busarwa ya tsaya, ga shinkafar manoma a jiƙe. Dattijon ya duba wayoyi da ƙarafa, komai lafiya. Ya leƙa kwamfuta, bai gane komai ba. Sai aka aika a kira gwanin.

Ya zo ya zura wa allon ido har ya gaji. Can ya ce, "Baba, wa ya taɓa wannan a bayana?"

Dattijon ya ce, "Ba kowa. Yadda ka bar shi ke nan."

Gwanin ya yi kwanaki yana lalube a cikin aikin hannunsa. Kafin ya gano inda matsalar take, shinkafar ta yi tsami, manoma suka kwashe buhunansu suna share hawaye.

Ma'anar wannan misali ita ce: duk aikin da Allah ya sa a hannunmu, wani zai gaje shi. Gwanin shi ne kowane ɗayanmu da yake riƙe saninsa a ka, don a riƙa nemansa. Manoman kuwa su ne waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba, amma asarar ta faɗa a kansu.

'Yan'uwa, ko injin kuke sarrafawa, ko ajin yara kuke koyarwa a ikilisiya, ku bar aikinku a fili yadda na bayanku zai gane. Wannan ma ƙauna ce ga wanda ba ku taɓa gani ba. Wata rana kuma, mai zuwa neman bayanin yana iya zama kai kanka, ka tsufa, ka manta.